Hannuna, Sunan Zira

Jiya na ji ɗayanku yana cewa rubutun mota ba sana'a ba ce, wai duk wanda ya gama firamare ya iya rubuta "Sauka Lafiya". Ban tanka masa ba saboda fenti na bushe mini a gwangwani. Yau da ba aiki, ku jawo benci ku zauna. Ku na'ura kuke dannawa ta fito muku da haruffa a jikin leda, ku manna, ku kakkaɓe hannu. Lokacin da ake kiran jihar nan Gongola, harafi daga wuyan hannun mutum yake fitowa, in ya karkace kuwa a karkace zai yi ta yawo daga Mubi har Maiduguri, duk wanda ya gani ya tambayi wa ya yi shi.

Daga Kwaja babana ya kawo ni, bayan an gama cire gyaɗa, don ya gaji da ganin na ɓata masa bangon rumbu da gawayi. Ya damƙa ni a hannun Baba Iliya, mai rumfar fenti a unguwar Lokuwa, nan cikin Mubi, a gefen titin da manyan motoci ke kwana. Na daɗe a wurin ban taɓa harafi ba. Aikina wanke buroshi da kananzir, da goge katakon bodi da samfefa har yatsuna su daina jin zafin tuwo. Baba Iliya ba ya sayen ƙaramin buroshin rubutu a kanti. Da kansa yake haɗawa da gashin akuya, ya ɗaure da zare a bakin siririn kara, ya gyara tsininsa da reza. In ka bar masa shi da fenti ya kwana, ranar ba kai ba abincin rana.

Motar da na fara yi wa rubutu wata tsohuwar gongoro ce mai bodin katako, ta wani mai sayen gyaɗa daga Sahuda. Sai an fara shafa wa katakon fenti na ƙasa, domin sabon katako shan fenti yake kamar ƙasar rani. In ya bushe ka goga alli a jikin zare, mutum biyu su ja shi ya miƙe, ka ɗaga tsakiyar ka saki, ya bar maka layi. Tsakanin layi biyu za ka zauna da harafinka. Ba a dogara hannu a jikin mota. Sanda ake tokarawa, a ɗora wuyan hannu a kai, a riƙe numfashi, a ja layi sau ɗaya. Harafin S shi ne mai tona asiri. Wanda ya iya shi ya iya sauran. Mai motar nan bai iya karatu ba, amma da na gama ya ja baya, ya karkata kai, ya ce wa Baba Iliya, "Wannan yaron, hannunsa ya zauna." Tun daga ranar Baba ya daina ba ni samfefa.

Bayan na fara rubutu ne aka kawo Zira, daga duwatsun Michika. Ni na nuna masa yadda ake dama fenti, ni na nuna masa jan zare. Hamma yake kirana, wato yaya, kamar yadda ake yi a nan. Ina faɗa muku ba don ba ya nan ba, ko a gabansa na sha faɗa: Zira bai taɓa iya S ba. Nasa kamar macijin da aka taka yake fitowa. Amma yana da abin da ba ni da shi. Direba zai shigo ransa a ɓace, taya ta fashe masa a hanya, kafin ya zauna Zira ya tambayi lafiyar matarsa da sunanta, ya tambayi yaron da aka yi wa kaciya, ya sa shi dariya. Sai Baba Iliya ya raba mana aiki: Zira ya shiga tasha ya kawo motoci, ni in yi musu rubutu. Direbobi su yi ta cewa a gaida Zira. Ni ina bayan mota a kan durom, ba wanda ya san fuskata sosai.

Da ƙarfin Baba ya ƙare ya koma ƙauyensu, sai kowa ya kama gabansa. Ni na riƙe tsohuwar rumfa da direbobi. Zira ya kama wani ɗan shago can wajen ofisoshin gwamnati, inda ba ko mota ɗaya mai bodin katako. Na ce a raina yunwa za ta dawo da shi.

Ku da kuke ƙorafin cunkoson keke a yanzu, ba ku ga mararrabar kasuwa ta wancan lokacin ba. Ranar kasuwa motocin shanu su taho, na gyaɗa su taho daga Sahuda da Kwaja, na Kamaru su shigo da nasu kayan, ga hanya ɗaya, ga gadar mayo, wato kogin nan, wadda mota biyu ba sa giftawa a kanta sai da addu'a. Babu wurin ajiye manyan motoci, saboda haka kowa a bakin titi yake tsayawa ya sauke kaya. In aka cushe tun hantsi, sai bayan la'asar. Na ga mace mai naƙuda da aka sauko da ita daga a-kori-kura aka ɗora a amalanke, don ta nan kaɗai ake iya ratsawa.

Sai gwamnati ta kafa wata hukuma ta kula da zirga-zirgar motoci, aka buɗe mata ofis a nan, aka turo manaja. Abin da muka ji shi ne an ba su aiki biyu: su gyara fili a bayan gari inda manyan motoci za su riƙa tsayawa, su kuma wayar wa direbobi kai. Filin dai an nome ciyawarsa sau ɗaya. Wayar da kai kuwa, shi ne ya ci gaba har ya yi rassa.

Wata safiya masinjan ofishin ya zo rumfata. Wurina ya fara zuwa, ku riƙe wannan. Ya ce Manaja na son ɗan allon suna na ƙofar ofis, yau yau. Ina kan wata mota wadda aka riga aka yi wa lodi, direban na tsaye a kaina.

Na ce, "Ka yi haƙuri ka dawo jibi. Mai wannan ya riga ka."

Ya ce, "Oga ne fa."

Na ce, "Wannan ma oga ne a motarsa."

Har yau ban ga laifina ba. Masinja ya wuce wurin Zira. Zira ya rufe shago, ya yi allon, ya kai da kansa, ya kafa da kansa, ya ƙi karɓar ko sisi. Wai ya kuma lura ƙofar banɗakin ofis ba ta da rubutu, ya yi mata. Kafin wata ya ƙare, duk wani abin da za a rubuta da sunan hukumar nan, hannun Zira yake biyowa.

Alluna suka fara tsirowa a gari. "Kada A Tsaya A Nan." "Direba, Yi Haƙuri." "Hanya Ta Kowa Ce." Daga gada zuwa kasuwa ba ka yin taku kaɗan ba ka ci karo da ɗaya ba. Aka yi huluna, aka yi riguna, aka yi kalanda mai hoton Manaja yana nuna titi da yatsa. Aka sayo mota mai lasifika tana yawo tana roƙon direbobi su daina tare hanya, ranar kasuwa ita ma ta maƙale a tsakiyarsu tana ta magana. Direbobi ba su ƙi ji ba. Wani ya ce mini, "Mai fenti, allon ya ce kar na tsaya nan. To ina zan tsaya? Filin nasu ko keke ya shiga zai nutse." Haka suka mayar da allunan abin rataya buta da shanyar riga.

Kuma ba da hannu Zira yake rubuta su ba. Kwali ya samu ya yanke haruffa a jiki, ya ɗora a kan allo, ya dangwala soso a fenti ya bubbuga. Ko ɗan da aka yaye jiya zai iya. Gefen harafin duk ya zubo kamar mai hawaye. Kafin in gama mota ɗaya ya gama alluna tuli. Na tsaya gaban ɗaya na daɗe ina dubawa, ina jiran ranar da wani zai ce wannan ba rubutu ba ne. Ba wanda ya ce.

Ya sayi babur sabo fil, ja, mai madubi biyu. Ya rufe ɗakinsa da kwano. Ya ɗauki ma'aikata. Matata Dudu ba mai yawan magana ba ce, amma wata rana tana zuba mini miya ta ce, "Na ga matar Zira a kasuwa. Ta ce a gaishe ka." Sannan ta ƙara, "A bayan babur aka kawo ta." Na ce miyar ta yi gishiri. Ta hanyar rumfata yake bi kullum, alhali akwai hanyar da ta fi kusa. Ya danna ham, ya ɗaga hannu. A cikin wannan lokacin ne Hamma ya faɗi daga bakinsa, na koma Adamu.

Sai mummunar shekara ta zo, wadda gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Kaya suka ɓace a kanti. Fenti in ka samu, ka buɗe ka tarar rabinsa kananzir ne. Taya da kayan gyara suka gagari masu motoci, wanda kuwa bai iya sayen taya ba ba zai zo a zana masa zaki a bayan bodi ba. Motoci suka yi ta mutuwa a bakin titi, a ɗora su kan duwatsu, su ƙara toshe hanyar da dama a toshe take. Sai in wuni a rumfa ban buɗe gwangwani ba. Na koma rubuta suna a jikin kwanon awo da akwatin amare. Dudu ta fara kai wake kasuwa daga abin da aka aiko mana daga Kwaja don ci. Ofishin su Manaja kaɗai ne fenti bai yanke wa ba.

Ana cikin haka babur ya tsaya a ƙofar rumfata, aka kashe shi. Zira ya shigo ya zauna a bencin da muka yi koyo a kai.

Ya ce, "Adamu, akwai aiki. Manaja na son babban allo a mararraba, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Da hoto. Direba a cikin mota yana murmushi, hanya a buɗe a gabansa."

Na ce, "To ka yanka kwali mana."

Ya yi dariya, bai ji haushi ba. Abin da ke ƙara ba ni haushi da shi ke nan, ba ya jin haushi. Ya ce, "Kwali ba ya yin fuska. Kai ma ka sani, ni ma na sani. Ka zo ka yi, in biya ka da kyau."

Na ce zan yi shawara. Shawarar ba ta wuce kallon buhun wake ba. Washegari na ɗauki buroshina na tafi.

Allon ya kai faɗin ɗaki biyu. Mai walda ya haɗa farantan ƙarfe ya kafa su kan ƙafafu masu tsayi, muka jera durom muka ɗora katako muka hau. Ƙarfe ba kamar katako ba ne. Ba ya shan fenti, sai dai ya tura shi ƙasa, in rana ta buga kuma ya yi zafin da buroshi ke kamewa a jiki. Saboda haka da sanyin safiya nake aikin fuska, in rana ta ɗaga in koma sama da duwatsu. Na raba allon gida-gida da alli, na zana ƙaramin hoton a takarda, na riƙa ɗaukar gida ɗaya ina faɗaɗa shi. Abin da za a kalla daga nesa ba a yin sa kamar na kusa. Ido sai ka ƙara masa girma, inuwar hanci sai ka zurfafa ta, in ka tsaya kusa ka ga kamar dodo, in ka sauka ka tsallaka titi ka ga mutum. Hawa da sauka na yi ta yi har gwiwata ta kumbura. Fuskar wani direban Sahuda na ara, mai wushirya. Duwatsun da ke bayansa kuwa namu ne na Kwaja, yadda suke in damina ta kusa ƙarewa. Haruffan da hannu na ja su, kowanne ya kai tsayin yaro. Ban taɓa yin aiki kamarsa ba, ban kuma sake ba.

Ranar da na gama, mutane suka taru a ƙasa. Masu tallar gyaɗa suna cewa ai wane ne, ga wushiryarsa. Ina wanke buroshi sai na ga Zira ya hau durom da ɗan kwalinsa da soso. A kusurwar ƙasa ta dama ya bubbuga: "Zira Mai Zane, Mubi."

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Sunan shago ne, Adamu. Kwangilar da sunan shago aka bayar. Haka ofis suke so."

Ya biya ni yadda ya ce, ban rage masa wannan ba. Amma kullum na bi ta mararraba sai in ji ana cewa Zira ya iya zane.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa an naɗa kwamiti daga Yola ya binciki yadda hukumomin motoci ke kashe abin da ake ba su. Ba zan ɓoye muku ba, na yi wanka na sa riga mai kyau ranar da za su zo. Aka yi dace ranar kasuwa ce. Motocinsu suka shigo gari suka maƙale daidai ƙarƙashin allona, tsakanin motar shanu da wata matacciyar tirela. Direban da na zana yana ta murmushi a kansu, hanya a buɗe a gabansa. Suka jira har suka gaji, suka fito da manyan riguna suka taka da ƙafa zuwa ofis, suna tsallake kashin shanu.

Aka kira duk wanda ya taɓa yi wa hukumar aiki, har da ni, don wani ya faɗa musu na hau durom. Muka zauna a benci can baya a cikin ɗakin. Shugaban kwamitin wani dattijo ne mai farin gilashi, ba ya ɗaga murya. Ya tambayi Manaja ina filin manyan motoci. Manaja ya ce ana kan shiri. Ya ce a kai su su gani. Suka je suka tarar da gero ya yi kai a wurin, wani ya shuka, ga allo ɗaya a tsakiya yana cewa nan ne tashar manyan motoci. Da suka dawo dattijon ya ce, "An ba ka abin gyaran wuri da abin faɗa wa mutane su je wurin. Ka faɗa musu, ka sake faɗa musu, ka yi musu hula. Wurin fa?" Manaja ya yi ta share gumi.

Sai aka kira Zira. Na gyara zama. Na ce yau kwali zai yi bayani.

Ya miƙe ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi ɗan kwangila ne, abin da aka ce ya rubuta shi ya rubuta, kuma duk allon da aka ce ya yi yana nan a tsaye, in suna so ya zagaya da su a babur. Gaskiya ce kuwa, ba allon da ya ci. Dattijon ya dube shi ta saman gilashi.

Ya ce, "Wancan babban na mararraba, na daɗe a ƙarƙashinsa yau, na kalle shi da kyau. Bai kamata a yi shi ba. Amma wanda ya yi shi ya iya. Kai ne?"

Zira ya ce, "Shagona ne, ranka ya daɗe. Ni da yarana."

Ina zaune a bayansa. Ni da na koya masa dama fenti. Na buɗe baki, sai na ga ba wanda ya tambaye ni, ɗan sandan ƙofa kuma yana kallona. Har aka tashi ba a kira sunana ba.

Abin da ya biyo baya kun iya zata rabinsa. Aka ɗauke Manaja. Aka rushe hukumar aka haɗe ta da wata, aka sa mata sabon suna. Filin bayan gari sai da aka yi shekaru kafin a zuba masa tsakuwa. Rabin da ba za ku zata ba shi ne, sabon suna yana bukatar a rubuta shi: a jikin motocin hukuma, a ƙofofin ofis, a duk garuruwan jihar. Dattijon nan kuwa ya riƙe sunan da ya gani a kusurwar allo. Aka kira Zira Yola.

Ranar da zai tashi, motar kayansa ta maƙale a cunkoso kusa da rumfata. Ya sauko ya shigo ya sha ruwa a randata.

Ya ce, "Ka zo mu tafi. Kai za ka riƙe mini ma'aikata."

Na ce, "In zama babban yaronka."

Ya juya kofin a hannunsa. Sannan ya ce, "Hamma, tun muna wurin Baba nake jin haushin hannunka. Na yi ta gwadawa a ɓoye, ya ƙi."

Na ce, "To mu yi musanya. Ka ɗauki hannun, ka bar mini Yola."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ni ban yi ba. Aka danna masa ham, hanya ta ɗan motsa, ya fita da gudu. A can ya yi gida, ya yi mota, 'ya'yansa suka yi karatu mai zurfi. Ni kuma ga ni inda kuka same ni.

Kwamitin ya bar umarni a shafe duk allunan tsohuwar hukuma kafin a san abin da za a yi da su. Sabon jami'in da aka turo ya tambayi wa ke fenti a garin nan yanzu, aka nuna masa ni. Wannan ce kwangilar gwamnati ta farko da ta ƙarshe da na taɓa samu: toka-tokan fenti da babban buroshi irin na bango. Ƙananan ban ji komai ba, har daɗi na ji. Na bar na mararraba ƙarshe. Na jera durom na hau, ranar kasuwa, motoci cushe a ƙasa kamar kullum. Na shafe haruffa, na shafe duwatsun Kwaja, na shafe motar. Fuskar na daɗe ina tsaye a gabanta da buroshi yana ɗiga a ƙafata, sannan na bi ta kanta ita ma.

Wani direba da ya kashe mota yana jiran hanya ya leƙo ta taga, ya dubi allon da ya koma fili fetal.

Ya ce, "Mai fenti, yanzu me za a rubuta a wurin?"

Na ce, "Ba a faɗa mini ba. Mai rubutun yana Yola."